Farar Safa a Jana'izar Mama Petita

Ni Melchor, sana'ata ɗaukar gawa. Ba gawar kowa ba, gawar masu hannu da shuni na birnin Lima, waɗanda ko bayan ransu ba sa yarda a haɗa su da talaka. In attajiri ya mutu a unguwar San Isidro ko Miraflores, iyalinsa sukan zo kamfanin jana'izar da nake wa aiki su zaɓi akwati, su zaɓi furanni, su zaɓi mota, sannan su zaɓe mu. Mutum shida ake so, dogaye, baƙaƙe. In da hali baƙaƙe wuluk, wai kwat ta fi zama a jikinmu, hoto kuma ya fi fita. Sai a sa mana baƙar kwat da ɗan laktaye a maƙogwaro da farar safar hannu, mu saɓi mamaci mu yi tafiyar ƙasaita da shi, ba tari, ba waige, ba share gumi. 'Ya'yansa maza suna biye a baya, hannu a aljihu. Tun ina saurayi nake wannan aiki, yau furfura ta cinye mini kai, ban taɓa ganin farar fata ya sa kafaɗa a akwatin ubansa ba.

Kada wani ya tambaye ni me ya sa ban bari ba. Da shi na ciyar da 'ya'ya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma yin abu daban, son sa daban. Safar nan na tsane ta tun ranar da na fara sa ta.

Mahaifiyata, Mama Petita, ta rasu wata safiya cikin watan Agusta, lokacin da sama take rufe ruf, ana ɗan yayyafin nan namu da ba ya jiƙa ƙasa sai dai ya shiga ƙashin mutum. A ɗakinta ta cika, a lungunmu na unguwar La Victoria, ƙanwata Casilda tana riƙe da hannunta. Ba ta sha wuya ba. Wuyar ta riga ta sha ta a tsaye, a kicin ɗin wani gida a San Isidro, inda ta shiga tana budurwa ba ta fito ba sai da gwiwoyinta suka ce sun gaji.

Gidan Don Augusto ne da matarsa Uwargida Chabela. Ɗansu ɗaya tak, Ramiro, sa'ana ne, 'yan watanni ne tsakaninmu. Mama ce ta rene mu tare, shi yana kwana a saman bene, ni a ɗan ƙuƙumin ɗakin da ke bayan kicin. Tare muka fasa gilashin taga da ƙwallo, tare muka saci soyayyen ƙullin kabewa yana zafi muka ƙona baki, tare muka sha muciya a hannun Mama, don ita ba ta duba launin ɗuwawu in za ta yi duka. Ba zan yi masa ƙarya ba, Ramiro yana sona, Mama kuwa kamar ya haɗiye ta. “Ɗan baƙina” yake kirana tun muna yara, har ya girma ya zama lauya, har ya yi tumbi, bai canja ba. Duk Kirsimeti direbansa zai kawo wa Mama talotalo. Mukan haɗu a wani shagon kofi a tsakiyar gari, ya rungume ni, ya zagi ƙungiyar ƙwallona, in zagi tasa, mu rabu muna dariya. Amma ƙafarsa ba ta taɓa taka lungunmu ba.

Da Don Augusto ya rasu, Uwargida Chabela da kanta ta ce wa kamfani ni take so a gaba, wai Melchor ɗan gida ne. Na sa kwat, na sa safa, na saɓi mutumin da ya saya mini takalmina na farko amma bai taɓa cewa in zauna a teburinsa ba. Bayan an binne, Ramiro ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, “Kai, ɗan baƙina, ka yi kyau yau.” Ya wuce ciki wurin baƙinsa. Mu shida aka miƙo mana abinci a bakin gareji. Mama kuwa, da gwiwoyin nan nata, an ɗauko ta an mai da ita kicin, wai masu ta'aziyya ba za su ci girkin kowa ba sai nata. Da na dawo gida ina huci ta ce, “Ka yi shiru, Melchor, mutanen kirki ne.” Na yi shiru saboda ita. To ga shi ta tafi, babu sauran mai riƙe mini baki.

Da la'asar ranar da ta rasu sai ga Ramiro, direba na nuna masa hanya. Ya shiga ɗakin, ya tarar da ita kwance cikin akwatin da maƙwabta suka taimaka muka samo, kyandirori na ci, mata na jan carbi. Ya durƙusa ya yi kuka, kuka na gaske mai majina, har ya sa Casilda ta sake fashewa. Da ya share ido sai ya ja ni waje, wurin famfon nan ɗaya tilo da duk lungun ke ɗiban ruwa.

Ya ce, “Ɗan baƙina, kada ka damu da komai, na gama magana da kamfaninku. Akwati irin na Baba, mota, furanni, da mutum shida cikin cikakkiyar shiga, da safa da komai. Kai gobe ba za ka ɗauki komai ba. Hutawa za ka yi, ka bi ta baya kamar...”

“Kamar wa?”

“Kamar ɗa mana.”

“Kamar kai ke nan.”

Bai gane ba, ya ci gaba da cewa ta cancanta, 'yar gida ce, ba zai yarda a binne ta kamar wata ba kowa ba.

Na ce, “Mutum shidan nan, wane launi ka ce a kawo?”

“Me?”

“Ka ji ni sarai.”

“Haba Melchor, yau ranar wannan ce? Ni ban ambaci launi ba. Cewa na yi irin na Baba.”

“To ai ka ambata. Wato matar da ta ƙare rayuwarta tana ɗaukar muku tukunya, gatan da za ka yi mata shi ne ka yi hayar baƙaƙe irinta su ɗauke ta, kai kana baya da tabarau.”

Muryata ta riga ta tashi. Matan da ke bakin ƙofa suka daina carbi. Casilda ta fito da gudu ta kama hannun rigata. “Yaya, don Allah, akwai mutane.”

“Su ji mana! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Ramiro ya yi ja har kunne. Ya rage murya ya ce, “Ka san ni, Melchor. Ni ban taɓa kallonka a matsayin baƙi ba. Ƙasar nan kowa ruwa biyu ne, wa ya damu da fata?”

“Ba ka taɓa ba? To me kake kirana da shi tun muna tsirara?”

“Wannan ai wasa ne. So ne.”

“Na san so ne, shi ya sa ya fi ciwo. Da maƙiyi ne ya kira ni haka ai na san abin da zan yi masa. Kuma in kowa ruwa biyu ne, me ya sa kullum ruwa ɗaya ne a ƙarƙashin akwati?”

“Petita uwata ce,” in ji shi. “Duk abin da za ka faɗa, ba za ka ƙwace mini wannan ba.”

“Uwarka? A ina ta zauna ranar aurenka?”

Ya kau da kai, na ci gaba.

“Bari in tuna maka. Tana kicin tana suya. Ka shigo da kayan ango ka sumbaci goshinta, hannunta duk gari, ka koma wurin mutane.”

“Na ce ta fito! Wallahi na ce ta fito, ita ta ƙi!”

“Ta ƙi ne don ta ƙirga kujerun, ta san babu tata.”

Nan fa shi ma ransa ya ɓaci, kuma gara haka, don na gaji da hawayensa. Ya nuna ni da yatsa ya ce, “To kai fa? Shekara da shekaru muna zama muna shan kofi, kana dariya, kana zagin ƙungiyata, ba ka taɓa buɗe baki ba. Ka bar ni ina ta rungumarka kamar wawa, ashe kana tara mini ne. Wannan ita ce abotar? Kuma aikin nan da kake ƙorafi a kai, wa ya ɗaure ka ya kai ka?”

Maganar ta shige ni, amma ban ja da baya ba. Na ce, “Waccan da ke kwance ita ta ɗaure mini baki, don kada a ce ɗanta ya yi wa iyayen gidanta rashin kunya. Kuma da na faɗa me za ka ce? Abin da ka ce yanzu: yau ranar wannan ce? Ai ku a wurinku babu ranar da take ranarta. Ranar biki a ce kada a ɓata biki, ranar mutuwa a ce kada a ɓata makoki. Batun aiki kuma, lokacin da muke samari kai aka kai jami'a, ni na bi ofisoshi ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina sai a ce mai kyakkyawar siffa ake nema, ni da kai mun san fassarar wannan. Wuri ɗaya ne a duk faɗin Lima aka ce mini baƙi ake so, shi ne ƙarƙashin gawarku.”

Famfo na ɗiga cikin bokiti. Ramiro ya sunkuyar da kai, can ya ce, “To me kake so in yi?”

“Ka soke duk abin da ka shirya. Mu a nan da kafaɗa muke kai namu, 'ya'ya da maƙwabta, daga ƙofar ɗaki har coci. Ni zan riƙe gaba ta dama. Gaba ta hagu wurin ɗa ne. Mama namiji ɗaya ta haifa, amma biyu ta rena. In uwarka ce, gobe da hantsi ka zo ka sa kafaɗa. In ba ka zo ba, ka riƙe talotalonka, ka riƙe kofinka, kada ka ƙara kirana da kowane suna.”

“Melchor, Mami za ta zo gobe,” in ji shi, yana nufin Uwargida Chabela. “Ka san ta, ka san zuciyarta ba lafiya...”

“Lafiyarta ƙalau ranar da ta zaɓe ni kamar ana zaɓen furanni.”

“Ban taɓa ɗaukar gawa ba. In na faɗi da ita fa?”

“Sai ka tashi.”

Ya kalle ni kamar zai ƙara magana, sai ya juya ya fita ba sallama. Direba ya bi shi da sauri.

Casilda ta sa ni gaba da faɗa har rana ta faɗi. “Ka kyauta. Mutumin da ya fi kowa kuka shi ka kora. Kai dai bakinka ba shi da linzami, Yaya. Da Mama na da rai da ka sha muciya da furfurarka.” Gaskiya tsoro ne ya kama ni. Bayan Mama, ba ni da wanda ya san ni tun ban san kaina ba sai Ramiro. Na san in bai zo ba, a rana ɗaya zan binne mutum biyu. Amma da in janye maganata gara haka ɗin.

Washegari da hantsi lungu ya cika maƙil. Masu kiɗa sun zo, ɗaya da garaya irin tamu, ɗaya da akwatin kiɗansa da yake zama a kai yana duka, don Mama ta ce kada a raka ta shiru kamar attajira. Masu ɗauka muka tsaya a bakin ƙofa: ni, da babban ɗana, da mijin Casilda, da wani maƙwabci, da Nicanor abokin aikina, wanda muka saɓi rabin manyan Lima tare. Kowa da rigarsa ta zuwa coci, hannu tsirara. Mu biyar. Gaba ta hagu ba kowa.

Lokaci ya yi, ya wuce. Aka aiko daga coci cewa Fada, limamin cocin, na jira. Nicanor ya raɗa mini, “Mutumina, mu sa wani mana, ga maza nan birjik.” Na ce a ɗan ƙara. Idona na kan bakin lungu, babu mota, babu alamarta. Sai Casilda ta zo ta tsaya a gabana, idonta jawur.

Ta ce, “Yaya, uwarmu ta gama rayuwarta tana jiran mutanen gidan nan su gama cin abinci kafin ta ci. Yau ma so kake ta jira su?”

Wannan ta yanke ni har ƙashi, kuma tana da gaskiya. Na ce, “Mu ɗauka mu biyar. Kada kowa ya shiga gurbin nan, a bar shi a buɗe, duk unguwa ta gani.”

Mun sunkuya ke nan sai aka ji ƙarar mota. Doguwa ce, ta kasa shigowa, ta tsaya a bakin lungu. Uwargida Chabela na zaune a baya, gilashi a sauke kaɗan. Ramiro ya fito ya taho da sassarfa, mutane na buɗa masa. Yana sanye da baƙar kwat, da ɗan laktaye a maƙogwaro, da farar safa sabuwa fil a hannayensa.

Jini ya hau mini kai, don abin da ya fara zo mini shi ne izgili ya zo yi, a gaban gawar uwata. Har na dunƙule hannu. Sai Nicanor, wanda ba ya iya riƙe bakinsa ko a gaban kabari, ya ce, “A'a, sabon ma'aikaci muka yi? A gaya wa yallaɓai kamfani ba ya ɗaukar irinsa.” Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya ta toshe baki da mayafi, dariya ta bi lungu.

Ramiro ya tsaya yana haki, yana kallon mutane. Ya ce, “Ku yi haƙuri na makara. Shago-shago na bi kafin na samu safar.” Sai ya dubi hannayenmu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi rigunanmu, ya dubi nasa. “Ba haka ake yi ba?”

Sannan na gane. Mutumin nan ya haura hamsin, ya je jana'iza ba iyaka, amma bai taɓa ganin an ɗauki akwati da hannu tsirara ba. Shi a saninsa kayan ɗaukar gawa ke nan, ya tashi da sassafe ya je ya saye su don ya cika mini sharaɗina. Haushi da tausayi da dariya suka cakuɗe mini wuri ɗaya, amma haushin ya fi yawa.

Na ce, “Cire.”

“Na zaci don girmamawa ake sa wa.”

“Wa aka girmama? Safa ta 'yan haya ce, don kada hannunmu ya taɓa kayanku. Mama da hannunta ta wanke maka kashi, ba ta taɓa sa safa ba. Cire.”

Ya zare su, ya tsaya riƙe da su bai san inda zai sa ba. Casilda, wadda jiya take cewa bakina ba linzami, ta matso ta karɓe su ta jefa cikin bokitin da ke ƙarƙashin famfo. Ta kwance masa laktayen ma, ta ce, “Zo nan, Ramiro, ga wurinka.”

Yana sunkuyawa sai muryar Uwargida Chabela ta taso daga mota, siririya amma ta kai ko'ina. “Ramiro! Me kake yi haka? Ai akwai masu yin wannan!”

Duk lungu ya ji. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai miƙe ya je ya lallashe ta. Ya miƙe ɗin, amma bai matsa ba. Ya juya ya ɗaga murya ya ce, “E, Mami, akwai. 'Ya'yanta.”

Muka ɗaga. Na fi shi tsawo, don haka akwatin ya karkata wajensa, nauyin ya sauka masa a wuya, na ji ya yi nishi. Mama 'yar ƙaramar mace ce, amma itace ba ya wasa. A bakin ƙofarta muka rusuna da ita sau uku, sallamarta da gida, yadda ake yi. A na ukun gwiwarsa ta kusa kai ƙasa. Na ce masa ta ƙarƙashin akwati, “Ƙafar hagu tukuna. Kada ka kalli ƙasa. Bar shi ya zauna a kafaɗa, daina yaƙi da shi.” Masu kiɗa suka soma, mata suka ɗauki waƙa, muka fita titi. Mun wuce ta gefen motar, gilashin ya riga ya rufe.

Hanyar coci ba nisa a mota, amma a kafaɗa wani abu ne daban. Katako ya raba fuskokinmu, ba ya ganina, ba na ganinsa, ina jin shi ya sa ya iya magana.

“Melchor.”

“Ina ji.”

“Ranar Baba, da na ce maka ka yi kyau...”

“Ban manta ba.”

“Na gan ka cikin kayan nan, kunya ta rufe ni. Ban san abin da zan ce ba, na faɗi abin da ya zo bakina na gudu.”

Muka yi ɗan taku. Na ce, “Ka san a bakin gareji aka ba mu abinci?”

Na zaci zai ce bai sani ba. Na ma shirya masa amsa. Sai ya ce, “Na sani. Na gan ku ta taga.”

Wannan ta fi duk maganganun jiya ciwo. Tsawon shekarun nan ina ba shi uzuri a raina cewa makaho ne, ashe idonsa biyu. Hawayen da ban yi ba tun da Mama ta cika suka zubo, ba hannun sharewa, na bar su.

“Ka gani,” na ce.

“Na gani. Ban sauko ba.”

“To ci gaba da tafiya. Ni da kai ba mu gama ba.”

“Na sani.”

Bai nemi a canje shi ba, ko da yake maza biyu sun matso za su karɓe shi. Har coci ya kai, gumi ya jiƙa masa kwat sharkaf cikin sanyin nan. Bayan addu'a aka sa ta a mota zuwa maƙabarta, a can ma muka sake saɓa ta daga ƙofa har bakin ramin da ke jikin bango, irin kabarinmu na nan, inda za a zura ta. Aka zura ta, magini ya liƙe bakin da siminti, na ce Allah ya ji ƙanki Mama, ki huta, ba mai ƙara tashinki ki dafa wa kowa.

Mutane sun fara watsewa sai direba ya zo ya ce Uwargida na kirana. Ta fito daga mota, tana dogara sanda, ta tsufa tukuf. Ita ma ta yi kuka, na ga alama a idonta, kuma ban ce na ƙarya ba ne. Ramiro na tsaye gefenta yana murza kafaɗa. Ta kama hannuna da nata biyu.

Ta ce, “Melchor, ɗana, Petita ta fi mini 'yar'uwa. Ni ma ranata ta kusa. Ina so ka yi mini alkawari, kai za ka riƙe gaba, kamar yadda ka yi wa Augusto. Ba wanda ya iya abin nan kamar ku.”

Da Mama na nan da ta taka mini ƙafa. Ba ta nan. Na zare hannuna a hankali na ce, “Uwargida, ai kina da ɗa. Yau ya koyi aikin.”

Ta buɗe baki, ta juya ta kalli Ramiro, tana jiran ya tsawata mini. Ya ce, “Haka ne, Mami. Ni zan ɗauke ki.” Direba ya kama ta ya mai da ita mota.

Ramiro ya tsaya. Ya ce, “In ranar ta zo zan buƙaci mutum ta dama.”

Na ce, “Wannan ba a maƙabarta ake roƙonsa ba, kuma ba a kamfani ba. Ka san inda nake. Ka zo gida da ƙafarka, ba direba, ka zauna ka ci abin da muka ci, ka ji sauran abin da ke cikina, don yana da yawa. Sannan in yi tunani.”

Ranar Lahadi ya zo. Na hango shi daga bakin lungu ya ɓata hanya, yana ta waige-waige, yana leƙa ƙofofin da duk iri ɗaya ne. Casilda ta ce in yi masa magana mana. Na gyara zama a kan benci, na ƙyale shi ya nemo ƙofar da kansa.